Majigi Uku na Malam Isiyaku

Duk wanda ya taɓa haya a layinmu na bayan tashar Suleja ya san Malam Isiyaku ba ya komawa barci bayan sallar asuba, ba ya kuma tsayawa hirar ƙofar masallaci. Zai rataya kyamara a wuya, ya jawo riga ya rufe ta, ya hau tsohon kekensa ya nufi ɗakin ajiye gawa. Tambaya ɗaya yake yi wa mai gadin wurin, ita ɗin dai yake yi tun lokacin da gwamnati ta tare a Abuja: “Akwai baƙo?” In aka ce babu, ya yi hamdala, ya biyo ta wajen mai ƙosai. In aka ce akwai, to ranar mai ƙosai ta yi asarar ciniki, don ba abin da zai shiga cikinsa sai bayan la'asar.

Baƙo a bakin Malam Isiyaku shi ne mamacin da ba wanda ya san sunansa. Irinsu kuwa ba sa yanke mana. Abuja gari ne mai son hannun talaka, amma ba ya ƙaunar ya ga inda talakan ke kwana. Da sassafe motoci su kwashi leburori da magina da masu walda daga Suleja da Madalla, da yamma su dawo da waɗanda suka yi saura. Yawancinsu daga Kano suke, ko Katsina, ko Gusau, sun cusu su shida ko bakwai a ɗaki guda, mai gidan bai san sunan uban ko ɗaya ba, shi dai ya san ƙarshen wata. Ran da bas ta kife a gindin dutsen Zuma, ko tirela ta bi ta kan wata a Gauraka, sai a kwaso mutane, aljihu ba takarda, fuska ba mai shaida. Wuta ba ta zama balle a ce sanyi zai riƙe gawa, Musulmi kuma ba a jinkirta masa. Sai a yi musu sutura a kai su makwanci. Bayan watanni ka ga tsoho ya sauka a tasha da 'yar jakarsa, yana tambayar ko an ga ɗansa, dogo ne, baƙi, yana aikin gini. Wannan siffa kuwa ta rabin mazan garin nan ce.

Ni Bashir, malamin makaranta ne, ɗan Zariya, ɗakina na jikin nasa. Shekarun nan duk ina cikin shaidunsa, domin ba ya nuna wa kowa hoto sai da mutanen da za su iya tsayawa gaban alƙali su ce ga abin da aka gani. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba. Na ɗauki biro ne saboda idon Malam Isiyaku ya gaza, a watan jiya ya ajiye kyamara, na kuma saurara ban ji ko gyaran murya daga waɗanda ya kamata su ce masa sannu ba. A garin nan in mutum ya ba masallaci kyautar buta sai an yi sanarwa da lasifika. Wanda ya yi shekaru yana mayar wa matattu sunayensu kuwa ya koma gida yana jan kekensa a hannu, don ba ya ganin ramin hanya.

Asalinsa ɗan majigi ne. Ya yi ƙuruciyarsa yana yawon ƙauyuka a motar wayar da kai, yana haska wa manoma hotunan kurkunu da na taki da na allurar rigakafi a jikin farin ƙyalle. Da aikin ya mutu aka yi gwanjon kayan, ya ɗauko majigi uku da ba wanda ya taya. Mu mun zaci gidan kallo zai buɗe, har yaran layi sun fara yi masa ladabi. Daga baya ya gaya mini abin da ya juya shi. An taɓa kiransa cikon sahu a jana'izar wani baƙo, ya kama wajen wanka, ya ga fuskar. Bayan wani lokaci wani dattijo ya zo neman ɗansa. “Fuskar tana nan a kaina, Malam Bashir,” in ji shi, “amma ba ni da yadda zan ciro ta in miƙa wa tsohon nan.” Dattijon ya koma gida bai san ko ɗansa aka binne ko ɗan wani ba.

Ba ya wanke hoto a takarda. Silaid yake yi, ɗan mitsitsin hoto cikin firam na kwali, bai kai akwatin ashana ba, wanda ba ka gane fuskar da ke ciki sai an sa shi a majigi an haska. Onwuka, mai shagon hoto a bakin kasuwa, shi ke kai masa fim Kaduna a wanko, ya kuma sha yi masa tsiya cewa na takarda ya fi sauƙi. Malam ya ce hoton takarda ƙafa gare shi, yau yana hannun ɗan'uwa, gobe yana teburin mai shayi ana miƙa wa juna. Silaid kuwa fuskar bawan Allah ba ta bayyana sai ya kunna fitila, in ya kashe ta koma cikin suturarta. Idan baƙuwa ce ba ya shiga. Matarsa Safiya ya koya wa riƙon kyamara, ita ke ɗauka, ita ke nuna wa dangi.

Zaurensa ya mayar ɗakin aiki. Ya toshe tagogi da buhuna, ya kafa fararen zannuwa uku a bango, kowanne da majiginsa, kowane majigi da nasa jerin hotuna. Na hagu kayan da aka samu a jikin mamaci ne: hula, takalmi, zobe, carbi, wani lokaci cokalin magina. Na tsakiya wurin da abin ya faru da kuma kabarin, tare da wata alama da za a gane shi, bishiya ko dutse. Na dama fuska. Yana zaune a tsakiya da maɓallai uku a cinya, yana tura jerin ukun tare, don kada takalmin wani ya haɗu da fuskar wani. In an ɗauke wuta ya ta da ɗan janareto. In mai ya yi wuya, kamar yadda ya yi ta yi a shekarun nan, ya wuni a layin gidan mai da galan, tsakanin 'yan acaɓa, da furfurarsa.

Ƙa'idarsa biyu ce, ba ya kuma sassauta wa kowa. Ta farko, da hagu ake farawa don zuciya ta shirya, majigin dama kuwa yana rufe da faifai sai mai nema ya ce a buɗe. Ta biyu, ba wanda zai tashi ya ce “nawa ne” ko “ba nawa ba ne” sai ya dubi duka ukun suna haske lokaci guda, gefe da gefe. Na taɓa tambayarsa me zai hana ya yi amfani da majigi ɗaya ya huta da neman ƙwan fitila har uku. Ya ce in ka cire hoto kafin ka sa wani, tsakanin biyun zuciya ce ke riƙe da na farkon, ita kuwa zuciyar mai nema abin da take so take gani.

Aikin bai bar shi haka ba. Da can shi ake kira ɗaukar hoton biki da suna. Da labari ya bazu sai aka daina, wai kyamarar da ta kalli gawa ba za ta kalli amarya ba. Wasu suka ce haramun yake yi, har sai da ya je ya zauna gaban malamai ya yi bayani, suka ce lalura ce, amma masu maganar ba su fasa ba. Na ga mutumin da ya gaisa da shi ya juya ya goge hannu a riga. Mutumin nan dai, ran da ƙanensa ya ɓace, ya zo ya tsuguna a zauren, Malam ya shimfiɗa masa tabarma kamar bai taɓa ganin komai ba. Ni da nake gefe na cika na yi fam, shi ko a jikinsa.

Kai ne, Malam Isiyaku, kake jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ka share jinin fuska kafin ka ɗauka, don kada uwa ta ga abin da zai hana ta barci har ƙarshen ranta. Kai ne kake rufe wa mamaci baki, ka gyara masa wuya, ka sunkuya ka ce masa, “Yi haƙuri bawan Allah, naka nake nema maka.” Na ji ka da kunnena ba sau ɗaya ba, ban dai taɓa gaya maka na ji ba. Uban baƙi, mai masaukin waɗanda ba za su iya cewa an gode ba. Ba albashi kake ɗauka a kai ba, ba wanda ya aike ka, kuma da ka bari ba mai tuhumarka.

Cikin duk waɗanda suka zauna a tabarmar nan, Umaima ce ba zan manta ba. Daga Funtuwa ta zo, a daminar 1995, tare da Alhaji Lukuman, baffan mijinta. Mijin, Khamis, mai walda ne, yana haya a Madalla, yana aiki a wani gini a Abuja. Yakan leƙa gida duk ƙarshen wata, sai aka daina ganinsa, saƙo ma ya yanke. Sun je ɗakinsa, abokan kwanansa suka ce wata safiya ya fita aiki bai dawo ba. Sun zaga asibitoci da ofisoshi, ko'ina a ce su dawo gobe. Abin da ke gaban Umaima ba ƙarami ba ne, don ba ta san ko ita matar aure ce ko mai takaba ba. Ba a yi zaman makoki ba, ba a yi masa addu'ar mamata ba, ba ta da bakin yin kwalliya, ba ta da hujjar dainawa.

Malam ya kunna na hagu. Takalma suka wuce, da agogo, da wani carbi. Sai ga hula, ɗinkin hannu, shuɗi da rawaya. Umaima ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. Ita ta ɗinka ta. Ta matsa jikin zanen ta nuna inda shuɗin zare ya ƙare mata ta ƙarasa da wani da bai kai shi duhu ba, kuma da yake majigi ya buɗa hular ta cika bango, duk mun ga wurin. Alhaji Lukuman ya fara salati. Ita kuma ta durƙushe tana kuka, a cikin kukan nan kuwa na ji wani abu mai kama da na wanda aka sauke wa kaya daga ka.

Na tsakiya ya nuna kwalbatin da motar ta faɗa kusa da Madalla, ga kuma kabari a gindin wata ɗorawa. Lokacin haɗarin ma ya yi kusa da ɓatan Khamis. Alhaji ya tattara babbar rigarsa ya ce alhamdulillahi tunda an samu, su za su kama hanya, a sanar da dangi a fara karɓar gaisuwa. Malam bai motsa ba, hannunsa na kan faifan da ya rufe majigi na uku.

“Alhaji, da saura ɗaya.”

“Malam, yarinyar nan ta ga abin da ya ishe ta. Hularsa ce, ita ta ɗinka da hannunta. Me kuma za a ƙara mata?”

“Hular tasa ce, ban musa ba. Kan da ke ƙarƙashinta ne ba mu gani ba tukuna.”

Alhaji ya hau faɗa, ya ce bai taɓa ganin taurin zuciya irin wannan ba, dama an gaya masa mai wannan sana'a ba ya rasa wani abu a ka. Malam ya bar shi ya gama, sannan ya ce in ana tausayinta ne ta fita, Alhaji ya duba shi kaɗai. Umaima ta share ido da gefen mayafi ta ce mijinta ne, ita za ta duba. Ya ɗaga faifan.

Ba Khamis ba ne. Wani siririn saurayi ne mai bille a kunci, alhali Khamis mai faɗin fuska ne, da tabon tartsatsin walda da ya raba masa girar hagu biyu. Ta daɗe tana duba, daga hula zuwa fuska, daga fuska zuwa hula, duka suna haske a gabanta. Na zaci murna za ta yi, har na buɗe baki zan ce barka. Sai ta juya wajen Malam, muryarta can ƙasa.

“Baba, da ka bar ni da shi. Na samu kabari, ka karɓe.”

“Ba naki ba ne, 'yata. Shi ma yana da uwa.”

Suka fita, Alhaji ko sallama bai yi ba. Malam ya kashe fitilun ya zauna cikin duhun zauren. Ban taɓa ganin an gaya wa mutum maganar da ta shige shi kamar wannan ba, kuma ban ga laifin wadda ta faɗa ba.

Washegari ya hau keke har Madalla ya taho da abokan kwanan Khamis. Suna ganin fuskar suka ce Suhaibu ne, wani lebura daga wajajen Gusau da ya raɓu da su a ɗakin. Sun ɗauka gida ya tafi noma, yadda leburori kan ɓace da faɗuwar ruwa ba sallama. Ashe a irin ɗakunan nan kayan fita na kowa ne. Hula mai kyau ɗaya ce, takalmi mai kyau ɗaya ne, duk wanda zai je ganin ɗan kwangila ko zance shi zai sa. Khamis ya bar hularsa a ƙusa ya fita da kayan aiki, Suhaibu ya ɗauka ya tafi neman aiki, ajali ya same shi da ita. Malam ya bi direbobin tasha da saƙo har ya isa. Uwar Suhaibu ta zo, wata tsohuwa Fatsuma, ta dubi zanen dama ta kira shi da sunan da take kiransa yana yaro, sannan ta roƙa a bar mata fitilar kaɗan. Ranar ba wuta, man da ke cikin janareto kuma shi ke nan gare shi. Ya bar mata har injin ya mutu don kansa.

Umaima ba ta iya zaman Funtuwa ba. Bayan 'yan watanni ta dawo Suleja wajen wata gwaggonta, ta ce gara ta jira kusa da inda ya ɓace. Duk ran da sabbin hotuna suka iso daga Kaduna, ita ce ta farko a tabarma. Ta daɗe tana yi wa Malam gaisuwar dole, shi kuma bai taɓa neman fiye da haka ba. Ya karɓi hoton Khamis na ranar ɗaurin aure ya mayar da shi silaid, ya fara wani jeri na huɗu, na rayayyun da ake nema. Dangi suka matsa, aka kai magana gaban alƙali, ya ɗibar mata shekarun jira da shari'a ta tanada. Manema suka fara aike tun wa'adi bai cika ba, tana mayar da su. Da yake ta yi sakandare, Onwuka ya ɗauke ta buga takardu a shagonsa, da haka take ci.

Ana nan idon Malam ya fara hazo. Majigin ma suka bi sahu, ƙwan fitilarsu ya ɓace a kasuwa, na tsakiya sai an buge shi yake tafiya. A farkon shekarar nan Onwuka ya sayo kwamfuta mai allo biyu, kowanne kamar ƙaramar talabijin. Ya zo har zaure ya ce, “Malam, wannan majigi naka ya tsufa, kai ma ka tsufa, no vex. Kawo hoto mu sa a kwamfuta, Umaima za ta riƙe.” Malam ya yarda a gwada. Ranar gwajin sai na'urar ta buɗe jerin hotunan duka a taga ɗaya cikin allo guda, wani a kan wani, sai ka ɓoye hula kake ganin fuska, allo na biyun kuma yana zaune ba aikin fari. Malam ya kai hancinsa jikin gilashin, ya ɗago ya ce a mayar masa da kayansa.

Onwuka ya yi ta mita, amma ya je Abuja ya ɗauko mai gyara, ya sake komawa ya ɗauko wani, har aka samu yadda kowane jeri zai buɗe a tagarsa daban. Kaya da wuri suka zauna a allon hagu, fuska ta koma allon dama, da sarari a gefenta don hotunan waɗanda ake nema. Malam ya shafa allunan biyu da hannu, ya sa Umaima ta gaya masa abin da ke kowace kusurwa, sannan ya zaro tsohon faifansa daga jaka ya jingina a allon dama. Onwuka ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce bai taɓa ganin kwamfuta da murfin kwano ba. Faifan yana nan har yau, Onwuka da kansa ke mayar da shi in ya faɗi.

Bayan ɗaukewar ruwan bana tayar wata bas da ta nufi Kaduna ta fashe a Gauraka, motar ta kife. Duk an gane waɗanda suka rasu a ciki sai ɗaya. Malam ya je ya ɗauki hotonsa, ya kuma gaya mini ranar inuwa kawai yake gani, da hannu ya lalubi fuskar ya daidaita kyamara. Aka binne baƙon. Makonni suka wuce kafin hotunan su dawo daga Kaduna a cikin diskin kwamfuta. Da hantsi muka zauna a shagon, ni da Malam da Onwuka, Umaima na gaban alluna, yadda muke yi duk lokacin da sababbi suka iso.

Ta buɗe tagar kaya. Silifa ne wari da wari ba iri ɗaya ba, da yagaggiyar riga, da guntun sabulu a ƙulle cikin leda. Ba ko tsinke da ta sani. Ta buɗe ta wuri, ga bakin titi a Gauraka, ga sabon kabari. Ta ce wannan bai yi kama da na kowa cikin waɗanda muke nema ba, ga shi kuma wani na tsaye a ƙofa yana jiran a buga masa takarda. Har ta fara juya kujera.

“Da saura ɗaya,” in ji Malam.

Ta ɗaga faifan. Fuskar wani ramammen mutum ce, an yi masa aski ƙwal, gemu duk furfura, ka ce dattijo ne. Ta tsaya. Na ga hannunta ya koma kan na'urar a hankali, ta buɗe jerin waɗanda ake nema, ta jawo hoton farko ta ajiye shi gefen wannan. Ango da hula shuɗi da rawaya a taga ɗaya, baƙon Gauraka a ɗayar. Tabon da ya raba girar hagu yana nan a duka biyun, wuri ɗaya. Onwuka ya tashi ya sallami mai takarda ya jawo ƙofa.

Malam ba ya ganin allon, shirun kawai ya ji. “Me kika gani, 'yata?”

“Na duba duka, Baba. Kayan ba nasa ba ne. Shi ne.”

Inda Khamis ya yi shekarun nan, Allah ne masani. Akwai tabon marin ƙarfe a idon sawunsa, kowa kuma ya san irin kamen da aka riƙa yi wa talakawa a bakin gine-gine, a zuba su a mota ba tambaya. Ba wanda ya zo ya yi mana bayani, ba kuma wanda zai zo, wannan kuwa yana ci mini rai har yanzu da nake rubutu. Direban bas ɗin ya rayu da karaya. Da aka je masa da tambaya ya ce a bakin Abuja ya tsince shi, ba ko kuɗin mota, ya roƙa don Allah a rage masa hanya, Funtuwa za shi, yana da mata a can. Motar ta wuce mararrabar Suleja da shi a ciki, Umaima kuma tana nan bakin kasuwa tana buga takardun mutane.

Ke nan duk shekarun da ta yi tana jira yana da rai. Da Malam ya tausaya mata irin tausayin da aka nema a wancan karon, da ta yi takabar mai rai, ta yi aure a kan aure, tsohuwa Fatsuma kuma ta mutu tana duban hanya. Alhaji Lukuman ya zo, aka kai shi kabarin, daga can ya wuto zauren ya tsuguna gaban Malam yana neman gafara. Malam bai gane shi ba sai da ya ji murya, ya kuma ce shi bai riƙe komai ba.

Kafin Umaima ta shiga takaba ta zo ta durƙusa a bakin zauren. Safiya ta taɓa gaya mata yadda Malam ke yi da baƙinsa.

“Baba, ka goge masa fuska?”

“Na goge.”

“Ka yi masa maganar nan da kake yi musu?”

“Na yi.”

Ta ce to alhamdulillahi, ta tashi ta tafi. Wannan ne karo na farko da na ga Malam Isiyaku ya yi kuka, bai kuma ɓoye ba.

Malam, mun gode. Na gode maka a madadin iyayen da suka san inda 'ya'yansu ke kwance saboda kai, da matan da ka raba da zaman shakka, da baƙin da ba su da bakin godiya. Allah ya saka maka, ya sa yadda ka suturta bayinsa ya suturta ka ranar da kowa ke neman sutura. Ku kuma masu gidajen haya, ba a ce ku sayi kyamara ba, amma ku tambayi wanda kuka ba ɗaki sunan ubansa da garinsu, ba ƙarshen wata kaɗai ba. Direbobi, ku san wanda kuka ɗauka. Masu ƙarfin ido da ƙarfin zuciya a cikinmu, ga aiki nan a ajiye, Malam ya ce duk wanda ya zo zai koya masa, ko da hannu ne zai nuna masa.

Umaima za ta koma gaban allunanta in ta fita takaba, ta riga ta faɗa. Safiya na nan tana ɗaukar hoton baƙi mata. Ta wajen maza ne babu kowa. Jiya da safe mai gadin ɗakin ajiye gawa ya aiko a gaya wa Malam akwai baƙo, an kawo shi daga Madalla, za a binne shi bayan azahar. Malam ya miƙe ya laluba bango har ya taɓa kyamarar inda take rataye, ya tsaya riƙe da igiyarta, sannan ya juyo wajen da yake jin numfashina ya tambaye ni ko wani ya zo. Na ce masa tukuna.